Mai Baƙi Na Ce, Ba Mai Baki Ba

Ƙugiyar ta fito, Tasalla! Wallahi ta fito! Littafina ya iso daga Sakkwato yau da hantsi a motar masu albasa, kuma ga ta nan a bango, zaune bisa harafinta kamar zankon zakara, ja wur, ko mai hakiya zai hango ta daga bakin tasha!

Kin ga murna ta sa na faɗo miki ba sallama. Salamu alaikum, ya ke farin watan gidana, ruwan farkon damina, inuwar gawo mai yin ganye a lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu. Ya ke zumar da shekara arba'in da huɗu ba su rage wa zaƙi ba, ina gajiyar jego? Yaya 'yarmu Fiddausi? Yaya kuma wannan sabon angon naki, Izzuddeen, da ya ƙwace min ke tun bai san sunansa ba? Ki gaya masa kada ya yi min fankama. Shi ba shi da haƙori ko ɗaya, ni kakansa har yanzu ina da tara.

Na san ƙanwarki Lubabatu ce ke karanta miki wannan takarda, tunda ke karatun allo kika riƙe, boko kika bar mana. Lubabatu, na haɗa ki da Allah, ki karanta kowane harafi da ƙugiyarsa, kada ki haɗiye ko ɗaya. Haɗiye ƙugiya ne ya jefa ni halin da nake ciki. Bari ma in maimaita yadda aka yi, ki yi mana alƙalanci, ko da yake na san alƙalin ɗan gidan mai ƙara ne.

Tun da na gama makarantar yamma ta manya, ina da shekara hamsin da takwas, hannuna bai huta ba. Kullum bayan kokon safe nakan zauna a zaure in rubuta abin da ya zo min a shafina na intanet. Yau zancen iyaka, an rufe ko an buɗe. Gobe ruwan da ya tsallake Lafani ya sauka a Tozai. Jibi kukan babi na bakwai na littafina, wanda ya tirje min kamar jakin da ya ga rafi. To, wata Asabar, jajibirin kasuwa, fataken Konni da na Tawa sun cika mana zaure, na dube ki kina ta kai da kawowa da akusa, zuciyata ta cika fal, na rubuta: "Duk Illela babu mace mai baƙi kamar mai ɗakina. Tun safe har dare ba ta hutawa, har mutanen Nijar sun shaida." Baƙi na ce, masu sauka a gida! Amma tsohuwar wayata ba ta san ƙugiya ba, sai ta fitar wa duniya da "mai baki".

Kafin azahar jama'a sun taru a shafin suna yi min jaje. Wani ya rubuta, "Allah ya ba ka ladan haƙuri, Baba Mukhtari." Ni kuwa na amsa da amin, ina tsammanin ɗawainiyar baƙi yake nufi! Da la'asar Hasana mai injin niƙa ta karanta shi da ƙarfi a gaban mata, har da amin ɗin. Kika dawo, kika dire kwano, kika ce, "Malam, mi na yi maka? Shekara arba'in da huɗu, sai da ka koyi boko za ka kai ƙarata duniya?" Na rantse, na sake rantsewa. Kika ce, "Kai da bakinka ka ce rubutu ba ya ƙarya." Kwana uku tsakani Fiddausi ta haihu a Konni, kika ɗaure kaya, kika ce min daga bakin ƙofa, "To, mai bakin ta tahi, sai kunnenka shi huta."

Ya hasken idona, bambancin nan kamar na kaf da ƙaf ne a allonki. Ɗan lanƙwasa ne da bai kai ƙwayar gero ba. Malam Abdulaziz, wanda ya koyar da mu, ya sha buga allo yana cewa ƙugiya ba ado ba ce, tana iya mai da ƙura kura. Muna dariya, mu tsofaffi, muna cewa yaro ya cika tsanani. Ashe a gidana kurar za ta sauka!

Kin tuna makona na farko a ajin nan? Ke kika tura ni, kika ce kin gaji da ganin furfura na kai takarda maƙwabta a karanta mata. Na dawo gab da magariba na same ki kina tankaɗe. Na durƙusa, na sa yatsa a garin da ke faifai, na rubuta sunanki. Kika daɗe kina kallo, kika nuna haruffan nan biyu dogaye da ke tsaye kusa da ƙarshe, kika ce, "Waɗannan taɓare biyun fa?" Na ce a cikin sunanki suke. Kika yi dariya, kika ce, "Boko ya san ni. Ɗaya ta gida, ɗaya ta baƙi." Ranar nan ba ki tuƙa garin ba sai da na ci alwashin sake rubuta miki a takarda. Yanzu mutumin da ya fara boko da sunanki, shi ne zai juya ya ɓata shi da boko?

Na yi tunani, na ga abin da rubutu ya ɓata, rubutu ne zai gyara. Littafin da na shekara uku ina fama da shi, dama labarin wata mata ce a garin kan iyaka wadda tukunyarta ba ta sanyi. Kin sha tambayata wace ce, ina cewa ƙirƙira ce. Ba ƙirƙira ba ce, Tasalla, har tabon ƙunar da ke hannunta na hagu naki ne. Sai na sauya masa suna, na sa Zauren Mai Baƙi. Sau biyu ina zuwa Sakkwato saboda harafi ɗaya! Zuwan farko, injin ya sa wani ɗan akwati a gurbinsa. Na biyu, ya fito tsirara, ba ƙugiya, na ce wa mai ɗab'in, "Ɗana, aurena ke rataye a wannan ƙugiyar." Ya yi dariya har da hawaye, ya tashi ya gyara da kansa, ya ƙara mata jan launi kyauta.

Yau kwana hamsin da ɗaya. Arba'in ta wuce da sha ɗaya, ina lissafe da su kamar manomin Amarawa mai duban hadari. Me ya rage miki a Konni? Gidan nan ya zama tafkin Kalmalo a tsakiyar bazara, ƙasa ta dare, tsuntsaye sun tashi. Fatake na zuwa su yi sallama, su leƙa, su ga murhu a kwance, su ce sun tuna wani uzuri. Ran nan na gwada dama musu fura da kaina. Wani daga cikinsu, Alhaji Jabir, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye ludayi, ya tambaye ni ko akwai wanda ya san hanyar da za a bi a ba ki haƙuri. Shafin ma ya rame. Masu karatu na cewa rubutuna ya yi lami, sai ka ce miya ba daddawa. Yaya ba zai yi lami ba? Rabin abin da nake rubutawa daga bakinki nake tsinta!

Lubabatu, nan wurin ki sassauta murya. Tasalla, zan faɗi gaskiya ko da za ta ƙara min kwana goma. Kunnena bai huta ba, ciwo ya yi. Ina kewar mai baƙi, amma wallahi har bakin nake kewa. Wa zai ce min hulata ta karkace? Wa zai yi gardama da mai karanta labarai a rediyo har ya gama? Wa zai kira ni sau uku daga madafa, in na zo ya ce ya manta dalili? Bakin nan ne ya kai ni makaranta. Muryarki ta fi min kukan kanari, ta fi min saukar ruwa bisa kwano bayan dogon fari. In da hali, da na buga littafi na biyu ba ƙugiya, don yabo.

Ki dawo, sanyin raina. Na sayi waya mai ƙugiya. Na yi alkawari ba zan ƙara sakin kalma a shafin ba sai na karanta miki, kin ce ta tafi. Littattafan na nan cikin kwalinsu, ɗaya tak na zaro, sauran na ɗaure, ba mai kwance igiyar sai ke. Shafin farko kuwa ban bari kowa ya gani ba. Taɓare biyu ne tsaye a tsakiyarsa, suna jiran mai su.

Ni ne naki tun gashina na baƙi, wannan ma da ƙugiya, har ya koma auduga, har ranar da za a ɗauke alƙalamin daga hannuna,

Mukhtari.

Af, saura kaɗan in ɓoye. Na riga na sanar a shafi cewa ranar Lahadi bayan la'asar zauren a buɗe yake. Mutanen Tozai sun ce da mota za su zo, Malam Abdulaziz zai zo da tabaransa, Hasana kuwa na tanadar mata tabarmar gaba, ita za ta karanta sunan littafin da ƙarfi. Kin ga baƙi sun yi yawa, Tasalla, kuma ni kin ji labarin furata. Lubabatu, ki zo, ki taho da Fiddausi da angon, ki gayyato duk unguwarku. Kowa ya zo ya ga ƙugiyar da idonsa, ya ga mai ita!