Faɗin Yatsa Ya Shiga Tsakanina da Jikana

Malama Loretta, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Juma'a, kaina ya ɗaure.

Ni tsoho ne a wani ƙaramin gari a yammacin Texas. Tun gashina yana baƙi nake riƙe sarƙar awo a gefen fili duk ranar da yaran makarantarmu ke wasan ƙwallon Amurka a gida. Kin san aikin: ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma, sarƙarmu ce ke nuna inda goman ta ƙare. Mai sarƙa ba ya tafi, ba ya ihu, ko da jininsa ne ke gudu da ƙwallo. Ladanmu burodi da tsiran nama a hutun rabin lokaci.

Shekara da shekaru muna shan kashi, har makarantun maƙwabta suka mai da mu abin gayyata ranar bikinsu, don sun san za su ci mu. Sai bana Allah ya kawo mana Koci Pruitt, muka yi ta cin wasa ba faɗuwa. Jikana Weston, ɗan 'yata Jolene, shi ke kutsawa da ƙwallo.

A wasan Juma'ar da ta wuce baƙi suna gabanmu da maki uku, lokaci ya kusa ƙarewa, ga dama ta huɗu, saura yadi ɗaya. Da an buga ƙwallon tsakanin sandunan gola an sami maki uku, da an yi kunnen doki, amma koci ya ce a kutsa. Weston ya kutsa, aka danne shi. Alƙalin wasa ya kira mu, muka shiga da sarƙa, ya ja ta ta miƙe. Abin da ya rage masa ya kai ƙarshen sarƙar bai fi faɗin yatsa ba, nan wasan ya kuɓuce mana. Sarƙar tana da sanda gaba da baya, ni ke riƙe da ta baya. Yaron ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na dubi takalmina.

Washegari a gidan kofi abokina Wendell ya tare ni: "Kai dai an yi tsohon banza! Jikanka fa! Da ka ɗan karkata sandar nan, wa zai mutu?" Wani abokinmu Buford ya ce a ƙyale ni, laifin koci ne, wa ya aike shi caca da dama ta huɗu? Buford ɗin nan makon jiya yake cewa a ba kocin mulkin garin. Su ba su dame ni ba. Amma Jolene ta ce mini a waya, "To Baba, sai ka dafa gaskiyarka ka ci." Weston kuwa, da kullum Lahadi yake zuwa ya cinye mini gasasshen nama yana kirana tsoho mai ran ƙarfe, bai zo ba, bai ɗaga wayata ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Duk da haka mun shiga zagayen fitar da gwani, an jefa kwabo kuma wasan ya faɗo filinmu. In miƙa sarƙar ga wani in koma cikin 'yan kallo, ko yaron zai huce?

Mai Sarƙa, yammacin Texas

Baba Mai Sarƙa,

Kada ka miƙa ta. In ka ajiye sarƙar a makon nan, ka sa hannu ke nan cewa ka yi laifi, alhali ba ka yi ba.

Wendell da Buford ka bar su da kofinsu. Surutun 'yan kallo ruwan sama ne, ana cin wasa ɗaya zai ɗauke. Jolene kuwa ka yi mata uzuri. Uwa ce, ta ga ɗanta a ƙasa, ta rasa wanda za ta huce a kansa sai wanda ta san ba zai guje ta ba.

Amma kai ma da naka. Yaro ya ɗago yana neman idon kakansa, ka ba shi ƙeya. Dokar sarƙa ta hana ka ihu a fili, ba ta hana ka zuwa gidansu bayan an tashi ba. Ina kyautata zaton ba fushi ke hana shi ɗaga waya ba, kunya ce: a ganinsa ya gaza a gabanka, har ka kasa kallonsa.

Saboda haka daina buga waya. Gasa naman nan, ka ɗauka da kanka kafin Juma'a. Kada ka kare kanka, kada ka yi masa darasin wasa, yana da koci. Ka tsokane shi yadda kuka saba, sannan ka gaya masa da bakinka cewa kana alfahari da shi.

Ranar wasa ka kafa sandarka daidai kamar kullum. Idan Weston ya wuce ƙarshen sarƙar, kuma ina sa ran zai wuce, ba mai cewa kakansa ne ya taimake shi, don duk garin ya ga ranar da ka ƙi. Wannan karon in ya ɗago, ka bari ya sami idonka.

Allah ya ba yaranku sa'a, ya daidaita tsakaninku.

Loretta