Ƙararrawa Uku, Duk Bebaye

Litinin, 4 ga Satumba

Ke mai leƙen littafin tsofaffi, tunda kin buɗe, ga kacici-kacici: ƙararrawa uku, maƙera uku, duk bebaye. Wa ya sace musu murya? In kin gano, akwai gasasshen kifi. Kotone, jikata, na san ke ce, ki mayar min da shi ƙarƙashin kwandon zare.

Ta ukun yau na sayo ta a shagon bakin gandun daji. Mai shagon ya kaɗa ta yana yamutsa fuska, wai ta cika ƙara. Ƙarar me? Kamar sauro ya yi atishawa. Na tambaye shi korar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, za a yi da ita, ko rarrashinta za a yi ta yi barci. Zamanin mijina marigayi Shigeo gwangwani muke ratayawa da tsakuwa a ciki, tun daga nesa beyar take jin mu ta ba mu hanya.

Alhamis, 7 ga Satumba

Noboru ya bugo daga Sapporo. Ɗana ne, amma tun da ya zama babba a ofis yake magana ciki-ciki. Abin da na tsinta: ko in ga likitan kunne a Abashiri, ko in daina zuwa matsirgar ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ni kaɗai. In na ƙi duka biyun, ɗakin da ya gyara min a benensu yana jirana kafin ƙanƙara ta sauka. Bene! Ni da na tsufa ina shanya ciyawar teku a kan tsakuwa.

Hanyar da 'yan makarantar raino suke bi riƙe da hannun juna, ita ce wai ta fi ƙarfina. Na ce ya gaida matarsa, na ajiye.

Asabar, 9 ga Satumba

Ruwa tun safe. 'Yar tasar tagullar da nake bugawa gaban hoton marigayi ita ma ta shiga yajin aiki.

Talata, 12 ga Satumba

Na je. Na rataya ƙararrawar duka ukun kamar akuyar mai gari, dunƙulen shinkafa a jaka. Barewa biyu a fili, ko ɗaga kai ba su yi ba. Matsirgar tana nan tana zuba a teku, sai dai ita ma bana shiru-shiru take zubar, ko ruwan ne ya ragu oho.

A dawowa, daidai inda ciyawa ta kai ƙirji, na hango Kotone can gaba da baƙin da take yi wa jagora, da rigarta ta ma'aikatan daji. Duk sun tsaya cak. Wasu suna ɗaga min hannu biyu-biyu. Na ce kai, yaran birni sun fara tarbiyya. Na rusuna musu, har na ɗaga sandata. Na tsaya na zazzage tsakuwa daga takalmi, ba gaggawar me nake ba.

Sai ga Kotone a guje. Ita da kullum take yi wa mutane wa'azin kada a yi gudu a dajin nan ko da sama za ta faɗo. Ta wuce ni, ta tsaya a bayana da gwangwanin feshin barkono a hannu, ɗaya hannun ya damƙe min wuyan riga. Na juya, ban ga komai ba sai ciyawa tana rufewa.

Har bakin mota ba ta sake ni ba. Na ce mata rigar aro ce, kar ta yaga. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 13 ga Satumba

An rufe hanyar matsirga. Wai saboda ni. Yasue maƙwabciyata ta shigo da kabewa, amma gulma ce ta kawo ta. Ta matso bakinta dab da kunnena kamar mai hura wuta: "Kinue, an ce kin yi sabon saurayi, har yana raka ki gida." Na ce mata ko ba komai nawa yana da haƙora, nata fa?

Wani cikin baƙin ya ɗauka a waya, ya zaga gari. Ta nuna min. Ga ni nan, 'yar tsohuwa tana zazzage takalmi. A bayana, tazarar da ba ta fi daga nan zuwa ƙofar gida ba, uwar beyar ce da ɗanta, tana buɗe baki tana rufewa. Yasue ta ce huci take, tana kaɗa haƙora, mutane kuma suna ta kirana. Ta ce ƙararrawata ma ta cika hoton da ƙara.

Wayar Yasue tsohuwa ce. Ba ta fitar da murya.

Lahadi, 17 ga Satumba

Kotone ta zo cin abinci, ta ci kamar mai shan magani. An cire ta daga jagora zuwa ƙarshen kaka, an zaunar da ita bayan teburi tana nuna wa baƙi inda banɗaki yake. Don ta bar mutanenta ta yi gudu. Na ce gobe zan je in wanke shugaban nasu tas, ai na san shi tun yana yawo da majina. Ta girgiza kai, ta ce gaskiyarsa ce.

Na fara ba ta labarin beyar da ta sace wa kakanta kifi ta bar masa kwando, wanda kullum yake sa ta ƙwarewa da shayi. Ta ajiye tsinkayen cin abinci, ta juyo da fuskata da hannu biyu, ta yi magana a hankali yadda zan ga leɓenta.

"Kaka, na kira ki har muryata ta dushe. Kina kallona kina murmushi."

Na ƙara mata miya.

Juma'a, 22 ga Satumba

Noboru ya bugo. Ban ɗauka ba. Yasue ta ce wayar ta daɗe tana kuka.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na shiga Abashiri sayen zare. Tunda asibitin yana kan hanya, na leƙa. Likitar yarinya ce ƙarama, ta kifa min wani abu a kunne ta ce in danna in na ji ƙara. Na zauna ina jira ta kunna. Ashe ta kunna tuntuni.

Zaren ma na manto shi a bas.

Talata, 3 ga Oktoba

An buɗe hanya. Na je, da abubuwan nan biyu na ƙara ji, masu kama da wake, a kunne, na aro ne kafin nawa su iso. Ba don Noboru ba, kada ya ji daɗi. Ni kaɗai na je, kuma ɗakin benen nan ya zuba kayan tsufan matarsa a ciki.

Duniya ta cika surutu. Tsakuwa tana ƙara, hankaki ba shi da kunya, jakata tana ƙiiƙii tun yaushe ban sani ba. Matsirgar kuwa tun daga fili na jiyo ta, kafin in gan ta. Na ɗan tsaya. Iska ce ta shiga min ido.

Na bi ta teburin Kotone, na ce ta ce wani abu a hankali. Ta sunkuyar da kai ta ce "tsohuwa mai taurin kai." Na ce na ji, kuma kifin ya wuce ta.

Rabin hanya na cire ƙararrawa biyu na cusa a safa, don sun kusa fasa min kai. Ba wanda ya sace musu murya. Duka ukun lafiyarsu ƙalau. Kunnen mai su ne ya daina ji.