Gyaɗar Da Ban Soya Ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma a nan muna lafiya. Gero ya fitar da kai, ruwa bai ɗauke ba tukuna.

Ba zan rubuta sunanka ba. Kai ne ɗana na fari, ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, kuma ba zan fara yau a gaban jama'a ba. Na sa wasiƙar nan a shafinka ne saboda na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. Masu yaba maka ma su karanta, ai su ma uwa ce ta haife su.

Ka san sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Har yanzu da yatsa nake bin layi. Haka na bi labarinka, wanda aka karanta a rediyo kowa a garin nan ya ji. Labarin uwar da ta soya irin gyaɗa na shuka mai maganin ƙwari a shekarar yunwa, ta ba ɗanta ya ci ya mutu. Ka canza mata suna, amma ka bar mata rimin ƙofar gidanmu, da sana'ar ƙuli-ƙuli, da haƙorina da ya karye. Yaron kuma ka sa masa Nasiru, sunan ƙaninka.

Ƙyanda ce ta kashe Nasiru. Wannan kam ba a ɓoye maka ba.

Matan da suka daɗe suna aikowa sayen mai a gidana sun daina. Shekaranjiya maƙwabciyarmu Tabawa ta ga jikarta da ƙulin da na ba ta, ta fizge ta jefa wa kaji. Sannan ta tsaya tana kallon kajin, ta ga ko za su faɗi. Ina tsaye a wurin. Ita ce fa ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar yaron, amma yanzu cewa take wai ɗan cikin gida ba zai yi wa uwarsa ƙarya ba.

Na ji ka da kunnena kana gaya wa mai hira da kai cewa ba a zama marubucin kirki sai an sha wuya, kai rayuwa ce ta koya maka. Wace wuyar? A shekarar da Nasiru ya rasu kana makarantar kwana, ana kaɗa maka ƙararrawa ka je ka ci. Ba ka ga ƙurajen ba. Ba ka ji yadda numfashinsa ya koma ba. Tun daga lokacin har ka yi gemu ba ka taɓa zama ka tambaye ni yadda aka yi ba. Ba ka da wuyar kanka, sai ka ɗauki tawa, da ka ga ba ta kai yadda za a tafa maka ba, ka zuba mata guba.

Ka rubuta cewa matar ba ta taɓa duban babban ɗanta da rahama ba. A gaban mutane ban dube ka ba, gaskiya ne, haka aka tarbiyyantar da mu a kan ɗan fari. Ta ɓular zana nake binka da ido duk ranar da za ka koma makaranta, har motar Kano ta ɓace. Ka girma a cikin gidan nan ba ka gane kunya ba, ka kira ta ƙiyayya. Wanda bai iya karanta uwarsa ba, ban san me yake karantawa a can unguwar Rijiyar Zaki ta Kano ba.

In abin rubutawa kake nema, kana da naka. Ranar sadakar uku aka kawo ka daga makaranta. Ka zauna a tabarma, aka miƙo maka gumbar sadakar ƙaninka, ka cinye, ka nemi ƙari. Mutane suka kalli juna. Can ka tashi ka zagaya bayan rumbu, ka amayar da ita duka, kana toshe baki don kar a ji kukanka. Ni na ji. Ni na bi na rufe wurin da ƙasa, ban gaya wa ko babanka ba. Wannan naka ne, kai ka ɗanɗana shi. Ba ka rubuta shi ba saboda a ciki kai ne za a kalla.

Abin da nake so ɗaya ne. Ka zo ranar Juma'a, in an idar da salla ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce ƙirƙira ka yi. Ban da sauran ƙarfin sake wata sana'a, kuma ba na son a kai ni kabari da sunan wadda ta kashe ɗanta.

Barci ba ya ɗaukata, ɗana. Ba Tabawa nake tsoro ba, bakina nake tsoro. Rannan ina murza tunkuza na ji wata magana ta taso mini, in ce Allah ya ba ka taka wuyar ka rubuta. Na cije leɓe har ya yi jini, don na tuna matarka Hadiza tana da tsohon ciki. Ka zo kafin in gaji da cijewa.

Allah ya sauki matarka lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya sa shi zai binne ku. In har sai an rasa ɗa ake zama gwanin marubuci, Allah ya bar ka cikin marasa gwaninta har ƙarshen rayuwarka. Amin.

Ni ce wadda ta haife ka.