Rabin Manhajar a Kaina Take

Daren Talata, 14 ga Mayu, unguwar Gassi

Shekara uku ke nan rabona da Damagaram. Ga zafi, barci ya ƙi zuwa.

Yau a ofis Dokta, shugabarmu, ta sa abokiyar aikina Ashta ta ɗora manhajata ta lissafin ruwan rijiyoyi a kwamfutarta, ni kuma in zauna gefe, kada in ce uffan. Za a sake ta ne a intanet, kowane mai bincike ya ɗauka kyauta. Ashta ta bi bayanin da na rubuta, abu ya ƙi tashi. Ta juyo ta ce, "Malam Isuhu, ai rabin manhajar nan a kanka take. Ko kai ma mu ɗora ka a intanet?"

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Amma gaskiyarta, akwai matakan da hannuna ya saba da su, ban taɓa rubutawa ba. Dokta ta ce in ban gyara kafin Juma'a ba, babu sabon kwantiragi. In kuma na gyara har kowa ya iya, wa zai ƙara nemana?

Zan gyara, haka ya kamata. Na dai ƙirga abin da na tara, ko da za a sallame ni: jika ɗari da sittin na sefa.