Ruƙayya da Keken Ɗawafi a Filin Makaranta

Zuwa ga Hajiya Mudira, shugabar makarantar firamare ta 'yan mata da ke unguwarmu, Jarwal, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina yi miki fatan alheri, ke da malaman da ke ƙarƙashinki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da Gusau. Sunana Isiyaku, sana'ata tura arabiyya a Harami, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a zagaya da su ɗawafi. Ni ne uban Ruƙayya ta aji biyar. Namiji ba ya wuce ƙofar makarantarki, shi ya sa na rubuto, na kuma raba wa iyayen unguwa su karanta. Na yi da Hausa ne don Larabcina na kan titi ne, ke kuwa na san kina ji, ko da ba kya yi a gaban mutane.

Na ɗaya. Sai na fara da gaskiyarki. Shekarar da sabunta iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, ya yi jinkiri, ba ki kori 'yata ba, kin bar ta a aji har takarda ta fito. Malamar lissafi kuma ta ba ta kyauta a gaban kowa. Ban manta ba.

Na biyu. Kafin hutun aikin Hajji kun shirya wa yara gwajin ɗawafi. Kun haɗa Ka'aba da kwali a filin makaranta, kun lulluɓe ta da baƙin yadi, kun gayyaci iyaye mata. Mako uku Ruƙayya tana haddace addu'o'i, har kan tabarmar cin abinci, don an ce wadda ta fi iyawa ita za ta ja gaba. Ranar rabon aiki, malamar aji ta ware 'yan mata huɗu, dukkansu baƙaƙe, 'ya'yan Takari, wato mu 'yan Afirka ta Yamma. Uku ta ba su tsintsiya, su ne masu sharar Harami. Ruƙayya ta ba ta keke, ta ce mata ai gidansu sun saba. Sauran aka sa musu fararen kaya, su ne alhazai.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na jin kunyar keken nan, kuma mai sharar Ɗakin Allah ya fi ni daraja. Amma ba a tambaye su ba, ba a yi ƙuri'a ba. Fuska aka duba.

Na uku. Hajiya, ina so ki san abin da nake gani a wurin da kuka kwaikwaya. Kullum bayan La'asar ina shiga cikin taron nan. Na tura attajirin da masu yi masa hidima suka cika bayansa, yana ganin Ka'aba ya fashe da kuka, ya riƙe hannuna kamar ɗana ne. Na tura wata tsohuwa 'yar ƙarama daga gabas mai nisa, ba ta jin yarena ba na jin nata, muka gama zagaye bakwai muna faɗin kalma ɗaya. Wani farin dattijo mai jan gemu, da na sauke shi, ya jawo kaina ya sumbata. In an tayar da salla, kafaɗata mai zufa tana gogar ta wanda ko ƙofar gidansa ba zan iya tsayawa ba, kuma babu mai matsawa. Duk duniya ban san inda ake haka ba sai nan. Daga ƙofar makarantarki zuwa wurin, tafiyar ƙafa ce.

Na huɗu. Uwarta, Hajara, tana wurin ranar, ita ta ba ni labari. Ruƙayya ba ta yi gardama ba. Ta kama keken, da wata 'yar ajinsu a ciki, ta sunkuya tana karanta mata addu'a a kunne, yadda ta ji ina yi wa tsofaffi. A zagaye na uku yarinyar da aka sa a gaba ta kakare, filin ya yi tsit. Sai muryar Ruƙayya ta taso daga can baya da Rabbana atina, sauran suka amsa, har aka cika bakwai ita ke ja, hannunta na kan keke. Hajara ta ce ta ga iyaye suna share hawaye. Ni da aka faɗa mini, zama na yi a dokin ƙofa. Ban san na haifi irin wannan ba.

Na biyar. Da aka dawo daga hutu, sai yara suka sa mata suna Arabiyya, malamar tana ji ba ta hana ba. Yau kwana shida ba ta je makaranta ba. Ba ta kuka. Tana dai ninke kayan makarantar ta mayar cikin akwati, ta ce ciwon kai.

Abin da nake roƙo:

Kada ki kori malamar, ita ma haka ta taso ta tarar. Amma ta tsaya gaban ajin ta faɗa da bakinta cewa rabon nan kuskure ne, ta kuma hana sunan.

Nan gaba a yi ƙuri'a, tsintsiya da farin kaya su zagaya kan kowa.

Ki shiga azuzuwa ba sanarwa, ki duba da idonki su wa ke kujerun baya, su wa ake tsayarwa tsince shara bayan an tashi. Ban ce komai ba, ki duba kawai.

Ki sa uwa ɗaya daga cikin matanmu a majalisar iyaye, wadda za a saurara ba wadda za ta cika kujera ba.

Sannan ki aiko wa Ruƙayya saƙo da sunanta cewa ana jiranta. Nawa lallashin ya ƙare, naki take jira.

Hajiya, ban gina gida ba, ban sayi fili ba, gwiwoyina sun fara ƙara. In aka ce in lissafa abin da na tara a ƙasar nan, akwati biyu ne, da 'ya ɗaya mai karatu. Kada ta zube mini a hannunki.

Allah Ya ba ki ikon yin adalci, Ya kare zuri'arki daga ganin abin da tawa ta gani, Ya sa aikinki ya zama hujja gare ki ranar tsayuwa.

Wassalam.

Isiyaku, uban Ruƙayya,
Jarwal.