Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Daren Laraba, Ƙofar Ran

Har yanzu jikina a sanyaye yake. Na je banki in mayar wa 'yata Bilkisu hannun jarina tun ina da rai, sai manaja ya ce hukuma ta hana aiki da takarda, komai ya koma na'ura, dole sai na dangwala yatsa. Na dangwala har na gaji, ta ƙi. Wai tsufa ya shafe zanen.

Na ce wa manajan, "Ɗan nan, ni fa na karɓar wa ubanka aure."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ni na san ka. Ita ce ba ta san ka ba."

Ga ni ina shafa wa babban yatsa man kaɗanya, ina lallashinsa. Gobe shi zai shaide ni.