Ba a Cewa Ciwo a Gidan Munzali

Daga Daura, zuwa ga Yaya Kubura a Mashi.

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ki fita takaba lafiya.

Yaya, kar ki yi mamakin ganin takarda. Waya ɗaya ce a gidan nan, ta ƙaninki ce, kuma duk sanda kika kira yana zaune kusa da ni. Ki ce ya jiki, in ce da sauƙi. To me zan ce? Ko gargara mutum yake yi haka ake amsawa. Shi ya sa na ba Ya'u direba wannan ya kawo miki.

Babu sauƙi, Yaya. Tun kafin azumi salansar babur ta ƙone shi a gareji, daidai idon sawu. Ɗan wuri ne kamar kwabo. Amma kin san yana da suga irin na Baba. Yanzu wurin ya buɗe, yana ruwa, yana wari, yatsun sun fara baƙi.

Shi kuwa ya hana a ce ciwo. Akwai wani zaure da ya shiga a waya, wani da suke kira Jagora yana turo musu murya kullum. Wai abin da ka kira kanka shi kake zama, abin da ka riƙe a zuciya shi kake janyowa. Da safe sai ya tsaya gaban madubi da ƙafa ɗaya yana cewa, "Ni lafiyayye ne." Ya zuba maganin sugarsa a masai, wai shan sa amsa sunan majinyaci ne. Inna Rahama ta taso tun daga Zango dubiya, tana ce masa sannu ya ce ta koma da sannunta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ke kika rene shi, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, Murjanatu.

*

Daga Mashi, zuwa ga Munzali.

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, in har gaisuwa ba ta zama laifi a gidanka ba.

Labari ya iso ni. Kai yanzu, Munzali, ƙafarka na ruɓewa kana hira da madubi? Kai ne ka riƙe kan Baba ranar da aka dawo da shi daga asibiti babu ƙafa, ko ka manta? Da ba takabar nan ba, wallahi da kunnenka zan ja ka har gaban likita, jama'ar Kusugu na kallo. Dangin Malam sun ce ko ƙofar gida ba zan taka ba. Ga ni nan zaune, sai kuka.

Allahn da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Ka je asibiti gobe. Roƙon ka nake yi, ni da ban taɓa roƙon ka komai ba.

Allah ya ba ka lafiya. Ee, na faɗa.

Yayarka, Kubura.

*

Daga Daura, zuwa ga Yaya Kubura.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina cikin ƙoshin lafiya da buɗi, alhamdu lillahi.

Na san wadda ta kai miki labarin, kuma na yafe mata.

Yaya, ki tuna ko ni wane ne a da. Ɗan tasha, mai shan ƙwaya, wanda in ya shigo taro ake ɓoye takalma. Kowa lalatacce yake ce mini, har ke, ni ma na yarda. An kai ni wurin malamai, an ɗaure ni, an yi mini rubutu, ban daina ba. Ranar da na fara kiran kaina da wani suna, ranar na fara tashi. Na bar ƙwaya, na buɗe gareji, na yi aure, yau ana ba ni sahun gaba a masallaci. Abin da ya fitar da ni daga wancan ramin ne kike so in ce ƙarya ne saboda ɗan ƙuna?

Kin ambaci Baba. Da ƙafarsa ya shiga asibiti. Tun ranar da likita ya raɗa wa abin suna ya karaya, a gabana.

Kyautata wa Allah zato nake yi, ba wani abu ba. In na ce ba ni da lafiya sau ɗaya, tsoro nake wancan Munzalin ya dawo. Ki yi mini addu'ar ƙarin lafiya kawai.

Ƙaninki, Munzali.

*

Daga Daura, zuwa ga Yaya Kubura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki.

Takardarki ba ta yi aiki ba, Yaya. Liman ya zo, ya tarbe shi da fara'a ya sallame shi. Okechukwu mai sayar masa da kayan babur ya zo har da keke napep, yana cewa, "Oga Munzali, tashi mu je, ni ne zan kai ka." Dariya ya yi masa.

Baƙin ya hau ƙauri, ga zazzaɓi. Ya tambayi mutanen zaurensu me ya sa abin ya ƙi tafiya, suka ce akwai mai ɗauke da tsoro a kusa da shi, shi ke janyo masa. Tun ranar ya hana ni wanke masa ƙafar. Abinci ma a bakin ƙofa nake ajiyewa.

Har ni na gwada, kar ki yi mini dariya. Na tsaya gaban madubin na ce mijina lafiyayye ne. Ina faɗa ina jin warin daga tsakar gida.

Ban san wa zan kira ba kuma. Ki sa mu a addu'a.

Murjanatu.

*

Daga asibiti, zuwa ga Yaya Kubura.

Assalamu alaikum.

Ya suma ranar Talata, Okechukwu da maƙwabta suka ɗauko shi. An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Yana raye.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon zanen gadon. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. A hankali ya ce, "Murja, tsakaninki da Allah, tun yaushe kika fara jin tsoro?"

Na ce tun ranar farko.

Ya ce, "Shi ke nan." Ya juya fuskarsa bango. Har yanzu in ni na miƙa masa ruwa ba ya karɓa.

Ki huta lafiya.

Murjanatu.